Majalisa a Unguwar da Ba a Taka Ƙasa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wuraren zama ne, wato majalisa da dandali da ƙofar masallaci, a sababbin unguwannin Legas inda ko ashana mutum zai saya sai ya tayar da mota.

Duk wanda ya san Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san yadda yamma ke tafiya a can. Masallaci taku kaɗan ne daga ɗaki, teburin mai shayi na kan kwana, mai tireda na kallonsa. Ba wanda ke kiran taro. Mutum ya fito Magariba, ya tsaya gaisawa, sai ka gan shi a kan benci har Isha'i. A nan ake jin an yi wa wane haihuwa, wane na kwance asibiti, motar tumatir ta iso ko ta lalace a hanya, Alhaji wane na neman yaron shago. Baƙon da ya sauko daga tirela da 'yar jakarsa, a nan ake nema masa makwanci da abin yi kafin ya san gari.

To, a bi titin Lekki zuwa Epe, a wuce Ajah da Sangotedo da Awoyaya. Estet-estet ne jere, kowanne da katanga mai waya a kai da ƙofa ɗaya. Baƙo ba ya shiga sai mai gida ya turo masa lamba ta waya. A ciki dokar yawancinsu ta hana buɗe shago, layuka da dama ba sa ɓullewa, kuma ba a bar wa mai tafiya da ƙafa hanya ba, sai kwata a buɗe a gefen titi. Mai gida yana shiga mota a cikin gidansa, gilashi a rufe, ya fita; ya dawo ya yi hon a buɗe masa. Sai maƙwabta su shekara kowa ya haddace lambar motar ɗan uwansa bai san sunansa ba. Kuma Hausawa na nan da yawa, kashi biyu: masu gidajen, irin su 'yan canji da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki, da kuma masu gadi da direbobi da leburori da masu suya da ke kewaye da su.

Wannan tsarin gini ba a Legas aka fara shi ba. A Amurka ya yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da unguwanni irin Levittown da aka soma ginawa a 1947 kusa da New York, sannan dokar manyan tituna ta 1956 ta ƙara masa gudu. Aka ware gidaje gefe guda, shaguna gefe guda, ofisoshi can wani wuri, mota ce kaɗai ke haɗa su. A 1989 wani masanin zamantakewa na ƙasar, Ray Oldenburg, ya ja hankali cewa bayan gida da wurin aiki, mutum na bukatar wuri na uku, inda zai je ba gayyata, ba kashe kuɗi mai yawa, ya tarar da fuskokin da ya saba gani. Bahaushe ya daɗe da nasa. Abin da ya kawo mu ga kwaikwayon Amurkawa shi ne tsoron ɓarayi da tsadar fili a cikin gari, kuma duka biyun dalilai ne na gaske.

Sai dai namu ya fi nasu ciwo, domin su sun shimfiɗa tituna bila adadin, mu kuwa babban titi ɗaya ne ke ɗauke da kusan duk yankin Lekki. Mai aiki a Victoria Island da ke zaune Ajah yakan bar gida da asuba don ya riga gosulo, ya dawo bayan Isha'i a gajiye. Jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Agbado zuwa Oyingbo da ke ratsa Agege ya biyo baya a 2024, amma babu wanda ya nufi Lekki a cikinsu. Acaɓa kuma an hana shi a ƙaramar hukumar Eti-Osa, inda Victoria Island da wani ɓangare na Lekki suke, tun Yunin 2022. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma taɓa kai naira 1,000 a 2024. Ziyarar dubiya daga Sangotedo zuwa Agege ta zama abin da ake yi wa lissafi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to ga ƙafar an ɗaure ta.

Wani zai ce ai ga manyan kantuna, ga The Palms, ga Novare, ga wuraren cin abinci. Waɗannan wuraren fita ne, ana shirya musu, ana zuwa da mota da kuɗi, kuma wanda ka gani yau ba shi za ka gani gobe ba. Zauren WhatsApp na estet kuwa, ƙorafin taransifoma da kuɗin dizal da karen wane ya cika haushi, shi ne yawancin abin da ke ciki. Ko Juma'a ba ta tsira ba. Liman na sallamewa kowa ya zabura wajen mota, don wani ya tare shi ko shi ya tare wani, gaisuwar ma ta taga ake yinta.

Majalisar da ta rage a waɗannan unguwanni tana bakin ƙofa. Benci ɗaya na katako a jikin ɗakin maigadi, buta biyu, tabarmar roba a naɗe. Can tsallake mai shayi ya jera gwangwanayen madara, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie, tukunya na tafasa a kan risho. In Magariba ta yi a shimfiɗa tabarma a gefen titi, direban gidan wane ya ja salla. Su ne suka san wanda ya yi tafiya, da wanda matarsa ta haihu, da gidan da aka kai mara lafiya asibiti cikin dare. Kuma su ne kwamitin estet ke fara kora, yana da doka a bayansa, tunda Legas ta haramta talla da kasa kaya a titi tun 2003. A faɗi gaskiya, ƙorafin kwamiti ba duka ne ƙarya ba: ruwan alwala na kwanciya, fitsari a jikin katanga, shara, wani lokaci da baƙin fuska masu shaye-shaye. Maganin wannan shi ne a tsara wurin, a shigo da shi ciki.

Abu na farko nisa. Masu tsara birane na auna tafiyar minti biyar da mita 400, kuma da zarar wuri ya zarce haka, mai mota zai ɗauki makulli ko ya fasa zuwa. Estet mai tsawon kilomita guda ƙananan wurare biyu yake bukata, ba katafaren guda ɗaya ba. Sannan a sa shi a kan hanyar da kowa ke bi, kusa da ƙofa ta ciki ko a mahaɗar layuka. Kuskuren da masu gina estet suka fi yi shi ne su ware fulotin da ya ƙi sayuwa, can ƙurya kusa da janareta ko inda ruwa ke taruwa, su ce filin shaƙatawa ne. Ciyawa da sauro ne za su gaje shi.

Batun fili ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Gurbin ajiye mota ɗaya mita 2.5 ne da mita 5. Mai salla yana cin kimanin santimita 60 a faɗi da 120 a tsawo, wato inda mota ɗaya ke kwana mutum 16 za su yi sahu. Gurbi uku sun isa rumfa da benci huɗu da wurin alwala. Wannan lissafi ya kamata a kai gaban taron masu gidaje a rubuce, domin amsar farko da za a ji ita ce babu fili.

Wajen gini, a tuna ƙasar Lekki yashi ce da fadama, ruwa na kusa, damina kuma tana da ƙarfi musamman Yuni da Yuli. A ɗaga daɓen ya ɗara titi da aƙalla bulo biyu, a karkata shi kaɗan zuwa kwata. Rufi a yi na alminiyam, don iskar teku mai gishiri tana cin kwanon ƙarfe da wuri, a bar baki mai tsawo saboda feshin ruwa. Kada a yi bango ya rufe. Gefe uku a buɗe, yadda mai wucewa zai ga wanda ke zaune ya yi sallama, shi ma na zaune ya ce masa bismilla. Benci tsayin santimita 45, mai mita 2.4 yana ɗaukar mutum huɗu, a jera su suna fuskantar juna ko a kusurwa, ba a layi ɗaya kamar masu jiran likita ba. Fitila mai aiki da hasken rana guda biyu ta wadatar, tunda rana na faɗuwa wajen ƙarfe bakwai saura duk shekara, kuma zaman da ya dogara da dizal yana mutuwa ranar da aka fara gardamar kuɗi. Wurin alwala a ba shi famfo biyu da bututu zuwa sokawe, a yi ban-ɗaki ɗaya mai makulli. Rashin waɗannan biyun shi ke jawo takardar koke ta farko. Itace kuma a dasa mai inuwa, darbejiya ko mangwaro, nesa da katanga da kwata da kamar mita uku saboda saiwa. Dogayen itatuwan ado masu tsini da ake jerawa a jikin katanga, ko akuya ba za ta samu inuwa a ƙarƙashinsu ba.

Duk wannan gini ne kawai in babu mai riƙe da wurin. Majalisa tana tsayawa ne a kan mutum ɗaya ko biyu da kullum ana samunsu. Saboda haka a ba mai shayi ɗaya izini a rubuce: a san sunansa da wanda ya tsaya masa, ko ta hannun Sarkin Hausawan yankin, a yanka masa lokaci, misali daga asuba zuwa ƙarfe tara, da kuma biyar na yamma zuwa goma na dare, shara da wanke wuri a wuyansa, risho ko gas nesa da motoci. Kada a ɗora masa haya mai nauyi, don ranar da kofin shayi ya yi tsadar na otal, direba da maigadi za su daina zama, kuma su ne masu zaman kullum. Alhaji mai gida sau biyu a mako zai leƙo.

Akwai abubuwan da ke kashe irin wannan wuri, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. A sa masa ƙofa a ba shugaban kwamiti makulli. A fara ba da shi haya don bikin ranar haihuwa, sai ya koma wurin da ake nema da takarda. A bar wani ya ajiye mota "na kwana biyu". A ɗaura lasifika a kan rumfa. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, na karɓar ƙorafin ƙara, tana kuma rufe wuraren ibada a kansa, kuma maƙwabci Kirista ko Bayerabe ko Ibo da zai zauna shan shayi zai koma abokin gaba. Gardamar aƙida da ta siyasa ma ta tarwatsa majalisu da yawa, don haka dattijon da ake jin maganarsa ya fi kowace doka da aka manna a bango amfani. In kuma ana son ginin masallaci sosai mai bango da hasumiya, wannan sai da izinin gini daga gwamnatin jiha, kada a wayi gari an shafa masa jan fenti.

Mata da yara fa? Majalisa a al'ada ta maza ce, amma matar da ke cikin estet ta fi kowa kaɗaici, domin babu zaure, babu tsallakawa gidan maƙwabciya, kuma in mota ɗaya ce ta tafi da maigida. Rumfar nan ba kowa a cikinta daga hantsi zuwa Azahar. A ware wa mata wannan lokaci don karatu da adashi, yara kuma Islamiyya bayan La'asar. 'Yan uwanmu Yarbawa Musulmi sun riga mu gane amfanin tsayayyen lokaci, dubi yadda zaman asalatu, wato taron addu'o'i, na safiyar Lahadi ya riƙe ƙungiya irin NASFAT tun 1995. Layin da ke gaban rumfar a sa masa tudun rage gudu biyu, ɗaya kafin a iso, ɗaya bayan an wuce, in ba haka ba babu uwar da za ta saki ɗanta.

Saura ƙaramar ƙofa. Sau da yawa masallaci ko kasuwa na bayan katangar estet, jifa kaɗan, amma sai an zagaya ta babban titi a shiga gosulo kafin a kai. Ƙofar mutum ɗaya mai faɗin mita guda, wadda babur ba zai iya kutsawa ba, da maigadi da fitila da littafin shiga, tana mayar da wannan tafiya ta ƙafa. Gwamnatin Legas ta sha nanata cewa ƙofofin da aka kafa a titunan jama'a su kasance a buɗe daga ƙarfe biyar na asuba zuwa sha biyun dare. Estet mai zaman kansa na iya ɗaukar wannan lokaci ga ƙaramar ƙofarsa, tunda asubar Legas ba ta riga ƙarfe biyar, mai zuwa jam'i zai samu sahu. In kwamiti na jin tsoro, a fara da gwajin wata uku, a rufe ƙarfe goma, a duba littafin maigadi kafin a yanke shawara.

A nan za mu dakata. A huta lafiya.