Darasi: Zaɓen Moton Makamin Robot ɗin Faɗa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanena, sauko da kyamarar kan teburin nan, ba fuskata aka zo kallo ba. Yauwa, nan daidai.

Wancan karon mun gama da tayoyi, robot yana tafiya yana juyawa. Yau makami ne, wato ƙarfen da ke wulwulawa a gaba, da moton da zai ja shi. Namu ɗan ajin fam 3 ne, kilo 1.36 ke nan, irin ƙananan da ake karawa da su a gasar NHRL a garin Norwalk na Amurka. Manyan nan na BattleBots da kuke gani a YouTube fam 250 ne, wajen kilo 113. Ku bar su tukuna, ba aljihunmu ba ne.

Sikeli shi ne farko. Ni a tsarina, makami da motonsa da bel da fuli gaba ɗaya ba sa wuce giram 400. Ƙarfen ya ci 250, wannan moton kuma, bari mu ɗora shi... giram 70 da ɗan wani abu. Sauran na boris ne da shaf da notina.

Moton ga shi, irin wanda gwangwaninsa na waje ne ke juyawa, mai waya uku, na jiragen wasa. An rubuta 2836 a jikinsa. Ku lura da lambar nan, don tana cin kuɗin mutane. A wannan, 28 faɗin gwangwanin ne a milimita, 36 tsawonsa. Amma na duron, ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, kamar wannan 2205 ɗin, ba gwangwani suka auna ba, cikin suka auna, inda aka naɗa waya: faɗi 22, tsayi 5. Sai ka ga lambobi biyu kusa da juna a hoto, ka yi oda, ka jira makonni, kaya su iso ka tarar girman ba ɗaya ba. Ka duba nauyin moton a giram kafin ka biya, shi ba ya ruɗi.

Sai KV, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Kullum saƙon da ke shigo mini shi ne, Malam wane ne ya fi KV in saya? KV ba ƙarfi ba ne. Yawan juyi ne a minti ɗaya kan kowane volt, idan moton ba ya ɗauke da komai. Wannan 1000 ne. Batir ɗina mai gida uku ne, kowane gida volt 3.7, jimla 11.1. Ka ninka, juyi 11,100 a minti. In ya ɗauki kaya zai ɗan sauka, amma mu bar shi a haka don lissafi.

Gaskiya ne in ka ninka gudun makami sau biyu, ƙarfin da ya tara ya ninku sau huɗu. Shi ya sa kowa ke haukan gudu. To amma ƙarfin da ka tara, ta ina zai shiga jikin abokin karawa? Sai haƙori ya kama. A ce robot ɗinka yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa. Makami mai haƙora biyu yana juyi 11,100, wato haƙori yana wucewa sau 370 a daƙiƙa. Tsakanin wannan haƙori da na bayansa, milimita 5 da ɗoriya kawai robot ya matsa gaba. Iya abin da haƙorin zai kama ke nan, ɗan lafce. Sai ka ji ƙara ƙiii, tartsatsi na tashi, 'yan kallo na ihu, abokin karawa kuwa fenti kawai aka kankare masa. Giranda ka haɗa.

Yanzu rage gudun rabi da fuli, ƙarami a moto, babba a makami, biyu bisa ɗaya. Ya koma 5,550. Cizon ya zama milimita 11. Cire haƙori ɗaya, ka bar guda, ka sa nauyi a ɗaya ɓangaren ya daidaita shi, ya zama 21... a'a, kusan 22 ma. Wannan shi ne dukan da ke ɗaga robot sama ya faɗo a bayansa. Kuma kada ku ce ya yi sanyi. Faifan makamin nan faɗinsa santimita 12, bakinsa a wannan juyin yana gudun kusan kilomita 125 a awa.

Ni dai bel nake so, kuma zagayayyen bel na roba, ba mai haƙora ba. Akwai masu ɗaura makami kai tsaye a jikin gwangwanin moto, yana rage nauyi, yana kyau a ido, ban hana kowa ba. Amma shaf ɗin waɗannan motocin... motoci kuma, ji ni, waɗannan moto ɗin, siriri ne, milimita 4 ko 5, don farfela aka yi shi. Duk dukan da makami ya yi, irinsa ne ke dawowa baya. In bel ne a tsakani, sai ya zame, moto ya tsira. Kada ka ɗaure shi tamau, ka bar shi yana ɗan lotsawa in ka danna da yatsa. Makamin kansa ya hau nasa shaf ɗin mai kauri wanda ba ya juyawa, milimita 8, da boris 608 guda biyu, waɗanda ake samu ko'ina.

Bari in buɗe moton ku ga wani abu. Miƙo mini filaya. Ba wannan ba, mai siririn baki. Ka cire 'yar zoben nan ta bayan shaf, ka riƙe ta da kyau don in ta yi tsalle ba ka ƙara ganinta. Ja gwangwanin... yana da ƙarfi, maganaɗisu ne ke riƙe shi. Kun ga su jere a ciki? Ɗan gam ne kawai ya liƙe su. Duka ɗaya mai kyau, ɗaya ya ɓalle, ya goga waya, moto ya mutu. Sai ka kwaɓa gam ɗin Araldite, mai jinkirin bushewa, ka cike tsakankaninsu da tsinken sakace. Tsakani kawai, kada ya hau fuskar maganaɗisun, don ratar da ke tsakaninsa da cikin moton 'yar mitsitsiya ce. Ka goge abin da ya yi yawa, ka bar shi ya kwana. Kuma don Allah kada ka buɗe moto a inda ake gurza ƙarfe, garin ƙarfen nan duk sai ya tattaro shi.

Af, masu tambaya, ina da irin wannan moton guda kaɗan da suka rage cikin odar da na yi, na riga na sa musu gam. Wanda ke cikin Kaduna ya yi magana, ba sai ya jira jirgi ba. Kuɗin dai kun san yadda dala take.

ESC kuma, wato 'yar na'urar da ke sarrafa gudun moto, ka ɗauki wanda amfiyarsa ta ɗara abin da moton ke ja. Nawa 40 ne. An saita su ne don farfela marar nauyi, shi ya sa in ka danna wuta gaba ɗaya a kan ƙarfe mai giram 250 sai ka ga moto yana kakkarwa ya ƙi tashi. Ba lalacewa ya yi ba. Ka shiga saitin a kwamfuta ka rage ƙarfin tashi, ko ka riƙa tura sandar rimot a hankali. Manhajar cikin ESC ɗin kuwa, da BLHeli_32 kowa ke amfani, an daina shi a 2024, yanzu AM32 ake yayi. In ya juya baibai, sauya kowace biyu cikin wayoyin ukun. Dalma kun iya, ba sai na nuna ba.

Batir LiPo mai ɗaukar caji 850 mAh, da fulogin XT30, ya ishe ka faɗan minti 3. Kada ka bar shi cikin mota a zafin watan Maris ko Afrilu na garin nan, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki.

Ƙarfen makami, Turawa wani ƙarfe mai tauri da ake kira AR500 suke yankawa. Mu kasuwar Panteka za mu nufa. Ƙarfen da ake ƙofa da shi ba ya yi, haƙorin lanƙwashewa yake tun karon farko. Sifirin ɗin mota ya fi, sai dai yana cin bakin abin huji, kuma in mai walda ya gasa shi yakan yi gautsi ya tsage. Ka ce a yanka a hankali ana zuba ruwa. Ramin tsakiya kuwa ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ka tafi da boris ɗin a aljihu ya auna da kansa. In ka dawo, zura shi a shaf ka sake shi. Ɓangaren da ya riƙa gangarowa ƙasa shi ya fi nauyi, ka gurje shi kaɗan kaɗan har ya tsaya duk inda ka bar shi.

Yanzu gwaji. Kashe rimot tukuna ka tabbatar moto ya tsaya da kansa, wannan da bel a cire ake yi. Sannan ƙusar nan da na zura ta ratsa makami don kada ya juya, ba ta fita sai robot yana cikin akwati an rufe. Akwatin nan katako ne mai kauri, murfinsa polikabonet, wato roba mai tauri da ake gani ta cikinta, ba gilashi ba. Ƙanena, ɗora kyamarar a kan murfin ka koma bayan ƙofa. Ƙara ja baya. To, bismillah, zan kunna.