Bayan likita ya gama nasa: lacca kan aikin jin daɗin jama'a

(An rubuto daga faifan laccar da wata tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta yi wa ɗalibai a Samaru, Zariya.)

Assalamu alaikum. 'Ya'yana na baya, kuna ji na? To, madalla.

Tambayar da kuka fi aiko min ita ce, in mun gama ina za mu samu aiki? Wuraren suna nan. Akwai asibitoci, irin na koyarwa da ke Shika da na masu taɓin hankali a Barnawa, Kaduna. Akwai ma'aikatar jiha da ofisoshin ƙananan hukumomi, inda ake kai rigimar aure da ta riƙon yara. Akwai gidajen gyaran hali, musamman tun da dokar 2019 ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, wanda sai da mai bibiyar mai laifin a gida. Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi biya, sai dai kwantiragi ne, ranar da kuɗin mai tallafi ya ƙare ku ma kun ƙare. Albashin gwamnati kuwa, kada wanda ya ruɗe ku, ba na gina bene ba ne.

Amma ku zo mu je Ƙofar Gayan, asibitin Hajiya Gambo Sawaba, inda ake yi wa mata aikin yoyon fitsari. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi, jaririn ma sau da yawa ba ya zuwa da rai. Likita ya ɗinke, ya sallame ta. To ina ta nufa? Wata mijin ya sake ta tuni, wata an ware mata kwano da tabarma a ɗakin baya. Daga nan naku aikin ya fara. Ku za ku zauna da maigida ku fahimtar da shi cewa ba sammu ba ne, kuma sai ta huta wasu watanni kafin ta koma shimfiɗarsa, haihuwa ta gaba kuma a asibiti. Ku za ku nemo mata jarin ƙuli-ƙuli ko keken ɗinki.

In ta ce ba za ta koma gidansa ba fa? Nan ne da yawanmu ke zamewa, su koma masu wa'azi: "Ki yi haƙuri, ki duba 'ya'yanki." A'a. Ku shimfiɗa mata abin da ke gaba ta kowane ɓangare, har da haƙƙinta a kotu, zaɓi kuma nata ne, don ita za ta kwana a gidan.

Sai riƙon amana, wanda a garin nan ya fi wuya, don in aka bi dangi kowa ɗan'uwan kowa ne. Fayil ba ya kwana a kan tebur. Labarin mara lafiya ba ya zuwa majalisa ko gidan biki, ko da kun sakaya suna, ai 'yan unguwa za su gane. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɗaukar maraya hoto yana riƙe da buhun shinkafa a watsa a Facebook. Yaron zai girma, hoton yana nan. Iyakar sirrin ita ce inda rai ke cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Wannan dole a kai rahoto, kuma tun zaman farko ku gaya wa mutum haka.

A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista, don haka ku adana takardunku na horon aiki. Na ga ana yi min nuni da agogo, masu tambaya su ɗaga hannu.