Sunan garin ne kawai ya rage a jikin mota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Indianapolis nake magana da ku, jihar Indiana, kuma wannan ƙarar da kuke ji a bayana ba biki ake ba, yara ne suke gwaji a Military Park kafin su wuce babban filin ƙwallon nan na Lucas Oil. Ku yi haƙuri da hayaniyar, ganguna ne kusan ta ko'ina, in na matsa can ƙaho, in na dawo nan ganga. Abun da suke yi ɗin nan sunansa drum corps, kusan kamar bandin sojoji da muka sani a fareti ne, sai dai su waɗannan samari da 'yan mata ne da ba su wuce shekara 21 ko 22 ba, suna busa suna kiɗa suna gudu a filin ƙwallo suna canza layi, ga masu juya tuta a gefe, alƙalai na bin su suna ba da maki. Tun 2009 a filin nan ake yin wasan ƙarshe duk watan Agusta. Wallahi in kana tsaye gaban masu ƙaho ɗin nan suka saki sauti lokaci ɗaya har cikin ƙirjinka kake jin shi.

Ina son abun nan sosai, shi ya sa akwai maganar da ta daɗe tana damuna a kansa. Ku kalli manyan motocin can da ke jere. Waccan an rubuta Rockford, waccan Canton, waccan Concord, kowace ƙungiya da sunan garinta. Amma ka je ka tambayi yaran da ke sauka daga bas ɗin daga ina suke, za ka ji Texas, za ka ji Florida, wani daga Japan ya taso, wani daga Ingila. Ɗan garin da aka rubuta a jikin motar sai ka yi da gaske kafin ka same shi a cikinsu.

Da ba haka abun yake ba. Asalinsa na unguwa ne. Bayan yaƙin duniya na farko tsofaffin sojoji suka dawo gida da gangunansu da begilarsu, ƙungiyoyinsu irin American Legion da VFW suka riƙa tara yaran gari suna koya musu. Coci-coci na Katolika suka shiga, 'yan sikawut suka shiga. Cadets a 1934 aka kafa su a cocin Holy Name da ke Garfield, New Jersey. Madison Scouts 1938, sikawut ne na garin Madison. Cavaliers 1948 a Chicago, su ma daga rundunar sikawut suka fito, wani matashi Don Warren ne ya fara. Bluecoats ɗin da ake ta yi wa ihu yanzu, ƙungiyar yara ta 'yan sandan Canton ce ta haife su a 1972, don a ɗauke yara daga kan titi. Yaro zai shigo bai taɓa riƙe ƙaho ba, bai san karatun waƙa ba, a miƙa masa a ce hura, da yamma bayan makaranta a zo a yi atisaye a filin ajiye motoci, iyaye mata su ɗinka kaya su dafa abinci, ranar 4 ga Yuli, ranar bikin samun 'yancin Amurka, a fito fareti duk gari ya fito yana nuna ɗansa. Kusan kowane gari a yankin New Jersey da Massachusetts da Wisconsin yana da tasa, wani garin ma fiye da ɗaya.

Toh me ya faru? A 1971 shugabannin manyan ƙungiyoyi suka gaji da dokokin tsofaffin sojojin da kuma ɗan abun da ake ba su in sun yi wasa, suka haɗu su 13 suka kafa tasu hukumar shirya gasa, Drum Corps International, wato DCI. Gasar farko aka yi a Whitewater, Wisconsin a 1972, Anaheim Kingsmen suka ci. Ni ban ga laifinsu ba a nan, haƙƙinsu suka nema. Amma daga nan sai gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, in kana son a san da kai dole ka hau hanya duk bazara, jiha zuwa jiha, bas huɗu ko biyar, tirelar kayan kiɗa, tirelar kicin, mai, inshora, malamai. Ƙaramar ƙungiyar coci ina za ta samo wannan kuɗin? A lokaci guda cocin ma mutanensa na raguwa, tsofaffin sojojin na tsufa, iyalai na barin tsofaffin unguwanni suna komawa bayan gari. Haka suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yanzu ƙungiyoyin da ke babban ajin gasar wajen ashirin ne kawai a duk faɗin Amurka.

Kuma da kujeru suka yi kaɗan sai aka fara tantancewa. Yanzu tun Nuwamba ake fara gwajin shiga, wasu ƙungiyoyin har a wasu jihohi suke zuwa su yi, wasu ka turo bidiyo ta intanet. Mutum 165 ne iyakar abun da doka ta yarda ƙungiya ta fito da shi fili, masu nema kuwa sun ninka haka, yawancinsu ɗaliban jami'a ne masu karanta kiɗa. In an ɗauke ka ba biyanka za a yi ba fa, kai za ka biya, dala dubu huɗu, dubu biyar, wani wurin ma sama, ban da kuɗin jirgi na zuwa sansani lokacin sanyi, ban da aikin bazara da ka rasa. Watan Mayu a tattara ku a wata makaranta, sau da yawa ba ma a garin ƙungiyar ba, ku wuni a rana kuna atisaye, daga nan a shiga hanya kuna kwana a ƙasa a ɗakin wasannin makarantu har Agusta. Garin da ke da sunan sai dai ya gan ku dare ɗaya ko biyu. Ɗan mai aikin masana'anta a Rockford da bai taɓa samun malamin kiɗa na kuɗi ba, ta wace ƙofa zai shiga?

Labarin Cadets ne ya fi taɓa ni. Sau 10 suka ci kofin DCI. Daga Holy Name suka koma Garfield Cadets, daga nan Cadets of Bergen County, daga baya aka cire sunan wuri gaba ɗaya, ofis ya koma Allentown a Pennsylvania, sannan Erie. A 2024 suka rufe, shekara 90 cif da kafuwa. Matsalolinsu na da yawa, ba zan ce ƙaura ce ta kashe su ba, amma ni dai abun da na gani shi ne ranar da suka faɗi, tsofaffin membobi ne warwatse a ko'ina suka yi kuka, babu wani gari guda da zai tashi ya ce wannan tamu ce ba za mu bari ba. Crossmen ma haka, 'yan yankin Philadelphia ne, aka wayi gari sun koma San Antonio a Texas inda bandin makarantu ke da ƙarfi da kuɗi.

Wani zai ce ai kiɗan ya fi kyau yanzu, kuma gaskiya ne, ya fi kyau nesa ba kusa ba, ku da kanku kuna jin abun da ke tashi a bayana. Yaran nan ba su da laifi, wasu sun yi shekara suna tara kuɗin, wasu sun bi dangi da abokai suna roƙo, ina ganin girmansu. Wani kuma zai ce bandin sakandare ya karɓi aikin koyar da yaran gari. Eh, a inda makarantar ke da hali. A unguwannin da aka fi buƙatarsa kuwa sau da yawa darasin kiɗa ne farkon abun da ake yankewa in kuɗi ya yi kaɗan, kuma irin waɗannan unguwannin ne ainihin inda drum corps ya tsiro.

Akwai waɗanda ba su saki igiyar ba, kuma dole in yaba musu. Colts a Dubuque, Iowa, suna da ƙaramar ƙungiya Colt Cadets ta ƙananan yara. Blue Devils duk da su ne suka fi kowa cin kofi, suna da ajin B da ajin C a yankin Concord, inda yaro ƙarami zai fara daga farko. Irin wannan nake so in ga kowace ƙungiya ta yi, in za ki ɗauki sunan gari ki yi yawo da shi Amurka, to ki buɗe aji na kyauta ko mai araha a garin duk mako, ki ware ko kujera goma a babbar ƙungiya ki biya wa yaran garin da suka taso ta hannunki. Kuɗin da ake kashewa kan lasifika da kayan ado na fili a shekara ɗaya ai zai sayi ganguna da yawa.

Bari in tsaya haka, layin shiga ya fara tsawo kuma ba a yarda a ɗauki bidiyon wasa a ciki ba. 'Yan uwa da ke zaune Iowa, in akwai wanda ɗansa ke Colt Cadets ya yi mini magana dan Allah, ina so in zo Dubuque in ga atisayensu na yamma da idona.