Darasi: Yadda ake haɗa jerin waƙoƙin Japan masu sanyi don ranar gajiya ko ɓacin rai

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau muna tare da malamin kiɗa, zai nuna mana yadda ake tsinto waƙoƙin Japan na zamani masu kwantar da hankali. Malam, barka da zuwa. Wanda bai jin ko kalma ɗaya ta Japananci, ta ina zai fara?

Malam: Barka kadai, Hajiya. Ya fara da kalmomi biyu, kuma da haruffan boko zai rubuta su a YouTube ko Spotify. Ta farko iyashi, ma'anarta warkar da zuciya. Ta biyu hikigatari, wato mawaƙi shi kaɗai yana kaɗa fiyano ko jita yana rerawa, ba ganga, ba taron makaɗa. Ta biyun nan ta fi amfani. Ko waƙar da aka sani da hayaniya, in aka samu wadda aka yi ta hikigatari sai a ji ta yi laushi. Abin da za a kauce masa shi ne ouen song. Waƙoƙin zaburarwa ne, irin na "tashi ka yi ƙoƙari". Wanda ya wuni yana fama ba wannan yake nema ba.

Mai gabatarwa: To an samu waƙoƙi rututu. Yaya ake tacewa?

Malam: Da farko a auna saurin kiɗan. Ki riƙa taɓa tebur da yatsa daidai da bugun waƙar, ki ƙirga na daƙiƙa 15, ki ninka sau 4. In ya faɗa tsakanin 60 da 80 a minti ɗaya, ta shiga, don kusan tafiyar zuciyar mutum ke nan idan yana hutawa. In ya haura 100, a ajiye ta sai wata rana.

Amma inda aka fi cin tuntuɓe shi ne ginin waƙar. Waƙar Japan yawanci hawa uku gare ta. Akwai baitin farko da suke kira A-melo, a hankali yake tafiya. Sai B-melo, wanda ke ɗan jan rai sama. Sannan sabi, wato amshi, inda mawaƙi ke sakin murya gaba ɗaya. Mutum zai ji daƙiƙa 30 na farko, fiyano kawai da murya ƙasa-ƙasa, ya ce madalla, ya jefa ta cikin jeri. Bai san cewa wajen minti na 4 za a yi wani shiru na yaudara ba, suna ce masa ochi-sabi, daga nan sai ganguna da gogen Turawa su faɗo gaba ɗaya, sau da yawa har a ɗaga sautin waƙar rabin mataki. Wanda barci ya fara ɗauka sai ya zabura. Saboda haka a gwada waƙa daga ƙarshenta. A ja ta zuwa minti ɗaya da rabi na ƙarshe a saurara. In ƙarshen ya fi farkon ƙara sosai, ba ta dare ba ce.

Mai gabatarwa: Ba mu misali, Malam.

Malam: "First Love" ta Utada Hikaru, ta 1999. Waƙa ce mai kyau, ba musu, kuma kundin da ke ɗauke da sunan waƙar shi ne ya fi kowane kundi ciniki a tarihin Japan. Amma amshinta na ƙarshe hawa yake yi, kuma zancen rabuwar masoya ne tun daga farko. Wanda rabuwa ce ta hana shi barci, wannan fami za ta yi masa. Shi ya sa nake cewa a nemi fassarar waƙa a karanta kafin a saka ta. Sanyin kiɗa daban, abin da ake faɗa daban.

Mai gabatarwa: Ashe ke nan duk waƙar baƙin ciki a cire ta?

Malam: A'a, gurbinta za a sani. Masu yi wa marasa lafiya magani da kiɗa suna da wata ƙa'ida: a tarar da mutum inda yake, sannan a janyo shi a hankali. A haɗa waƙa 6 ko 7, kusan minti 30. Biyun farko su zama masu nauyi, daidai da halin da ake ciki. Nan ne gurbin irin "Nada Sousou", wadda Moriyama Ryoko ta rubuta don yayanta da ya rasu, Natsukawa Rimi ta sake rera ta a 2001. Sunan da harshen Okinawa ne, wani tsibiri a kudancin Japan, ma'anarsa hawaye na kwarara. Sau da yawa za a ji sanshin a ciki, wani abin kiɗa mai tsirkiya 3 da ake rufe wa baki da fatar maciji, in kin san molo kin kusa gane shi. Uku na tsakiya su zama hikigatari zalla. Na ƙarshe kuma masu ɗan haske, kamar "Ue o Muite Arukou" ta Sakamoto Kyu, ta 1961, wadda ta zo ta ɗaya a Amurka a 1963 da sunan "Sukiyaki". Mutum ne ke tafiya yana kallon sama don kada hawaye su zubo, amma kiɗan na ɗan rangaji. Kuma a kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, in ba haka ba duk tsarin ya rushe.

Af, ga wani abu. Tsofaffin waƙoƙin Japan da dama a kan sauti 5 aka gina su, an cire na 4 da na 7 daga cikin sauti 7 na kiɗan Turawa, suna kiran wannan tsari yonanuki. Kiɗanmu na gargajiya ma galibi a kan sauti biyar yake, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin su baƙi ƙwarai.

Mai gabatarwa: Saura batun waya da data.

Malam: Ƙarar iyafis kada ta wuce kashi 60 cikin 100. Waƙa mai sanyi tana sa mutum ya yi ta ƙara murya don ya ji baitin farko, sai amshi ya zo ya doke shi a kunne. A Spotify akwai wurin daidaita ƙarar waƙoƙi su zo ɗaya, a kunna shi, tare da agogon da ke kashe kiɗa bayan minti 30. Data kuwa, sauti zalla mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 1 a minti, jerin nan duka wajen 30 ke nan. A YouTube a sauke hoton zuwa 144p, tunda ba kallo za a yi ba.

Mai gabatarwa: In an yi kwana da kwanaki ana saurare amma nauyin zuciyar bai sauka ba fa?

Malam: In ya kai mako biyu, ga rashin barci ga rashin cin abinci, to a je asibiti a ga likita. Kuma duk waƙar da aka lura ana maimaita ta sau biyar, sau shida a jere ana kuka, a cire ta daga jerin tukuna.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Masu saurare, a gyara zama, ga ta Okinawan nan mu fara da ita.