Komawa Ga Finafinan Ƙuruciya Bayan An Girma

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ina tare da Malam Sani da kuma Bashir. Yau za mu tattauna ne a kan wani abu da yakan sami kusan duk wanda ya taso yana kallo, wato mutum ya koma ga fim ɗin da ya fi ƙauna yana yaro, bayan shekara ashirin ko talatin, ya tarar ba haka ya bar shi ba. Malam, kai ne babba a cikinmu, kai za ka buɗe mana.

Malam Sani: Na gode, Malama Hadiza. Abin da zan fara cewa shi ne, wanda ya zauna zai sake kallon fim ɗin ƙuruciyarsa yana ɗauke ne da fim biyu, akwai wanda ke cikin faifai, akwai kuma wanda ke cikin kansa, wanda ya yi shekaru yana gyara shi ba tare da ya sani ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi, inda ya ba mutane wata tatsuniya ta asalin mutanen Amurka suka karanta, sannan ya riƙa sa su maimaita ta bayan wani lokaci. Duk sa'ad da suka maimaita, labarin sai ya gajarce, abin da ya yi musu baƙo ya zube, abin da ya rage kuma ya koma kama da abin da suka saba ji. Haka ƙwaƙwalwa take yi wa fim. Tana riƙe wuraren da suka taɓa zuciya, ta watsar da doguwar hirar da ke tsakaninsu.

Bashir: Akwai misalin da ke tabbatar da wannan, Malam. A fim ɗin Bambi na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1942, maharbi ya kashe uwar ɗan barewar nan, kuma mutane da yawa da suka kalle shi suna yara sukan ba da labarin wurin kamar sun ga faɗuwarta da idonsu. Alhali ba a nuna ba sam. Ƙarar bindiga kawai ake ji, sai ɗan ya yi ta kiran uwarsa cikin dusar ƙanƙara, ba ta amsa ba. Sauran hoton yaron da ke kallo ne ya zana shi a zuciyarsa.

Hadiza: To amma ashe wannan bai nuna gwanintar masu fim ɗin ba? Sun bar gurbi, yaro ya cike.

Bashir: Ya nuna ƙwarai. Sai dai ni matsayina shi ne, wasu finafinan gara a bar su inda suke. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma yawancin masu komawa ga tsohon fim ba fim ɗin suke nema ba, suna neman yadda suka ji ne a lokacin, da mutanen da suka zauna tare da su, waɗanda wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Faifai ba zai iya mayar musu da wannan ba. Idan mutum ya kunna, ya ga labarin ba shi da ƙarfi, faɗan da ya ɗauka abin al'ajabi ne ashe ana ganin naushin bai ko taɓa fuska ba, sai ya tashi ya rasa abu mai daraja, bai kuma sami komai a madadinsa ba.

Malam Sani: Ban yarda cewa bai sami komai ba, amma kafin mu kai can, akwai wani dalili na na'ura da ya kamata a ambata, domin ana ɗora wa fim laifin da ba nasa ba. Wanda ya taso a zamanin kaset ɗin bidiyo ya kalli finafinansa ne a ƙaramin akwatin talabijin, da hoto mai dishi-dishi, wanda ke ɓoye igiyar da aka ɗaure jarumi da ita, da fentin da aka yi wa bango, da gemun da aka manna. Masu shirya fim da yawa sun san iyakar abin da ido zai iya gani, suka yi aikinsu daidai da haka. Yau an wanke hoton, an fito da shi tar a babban allo, duk abin da hazo ya rufa wa asiri ya bayyana. Bugu da ƙari, fim ɗin da aka ɗauka da faffaɗan hoto domin silima, idan za a sa shi a tsohuwar talabijin sai an yanke gefe da gefe, har yakan rasa fiye da kashi 40 cikin ɗari na faɗinsa. Ke nan akwai mutanen da suke tsaye a cikin fim ɗin da yaro bai taɓa gani ba.

Hadiza: Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba hoton ba ne, Malam. Wurin zaman mai kallo a cikin labarin ne yake sauyawa. Yaro yakan shiga rigar yaron da ke cikin fim, iyaye kuwa a wurinsa masu hana ruwa gudu ne kawai. Ɗauki Home Alone na 1990, inda aka manta da yaro ɗan shekara takwas a gida, iyalin suka tafi Faris. Yaro mai kallo yana murna ne da 'yancin da ɗan'uwansa ya samu da tarkunan da ya ɗana wa ɓarayi. Mace mai 'ya'ya kuwa idan ta kalla, idonta yana kan uwar nan da ta tuna a cikin jirgi cewa ta baro ɗanta, ta ƙi barin filin jirgi, tana roƙon baƙi su sayar mata da kujerarsu, daga ƙarshe ta shiga bayan motar wasu makaɗa domin ta isa gida. Duk wannan yana cikin fim ɗin tun ranar da aka fitar da shi. Na kalle shi sau da dama ina yarinya, amma sai da na haihu matar nan ta zama mutum a idona.

Malam Sani: Wannan shi ne abin da nake nufi da na ce ana samun wani abu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A The Lion King na 1994, yaro yana kukan mutuwar uban ɗan zakin ne, kuma ya yi daidai. Amma babba yana ganin abin da ya fi mutuwar muni, wato ƙanin uban da ya yi kisan da hannunsa, ya juyo ya shaida wa ƙaramin yaro cewa shi ne sanadi, yaron ya ɗauki wannan nauyi ya girma da shi a gudun hijira. Duk wanda ya taɓa riƙon maraya, ko ya ga yadda kalma ɗaya daga bakin babba take zama a zuciyar yaro shekara da shekaru, ba zai kalli wurin nan da sauƙin zuciya ba. Haka kuma finafinan Indiya na soyayya, inda uba ke hana 'yarsa wanda take so. Muna matasa mun ɗauke shi mugu. Yau mutum yana da 'ya budurwa, sai ya ji tsoron da ke bayan tsawar tasa, ko da bai goyi bayan hukuncinsa ba.

Bashir: Na karɓi wannan, Malam. Har tsoro ma yana sauya gida. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta yi shekaru tana nazarin abin da ke firgita yara a talabijin, ta gano cewa ƙananan yara siffa ce ke razana su, dodo mai mummunar fuska ko da mai kirki ne a labarin, su kuwa waɗanda suka fara wayo sun fi jin tsoron abin da zai iya faruwa da gaske. Babba yakan wuce dodon ko a jikinsa, sai wurin da yaro ya ɓace a cikin taro ya hana shi barci.

Hadiza: Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa, wanda ba zai yiwu mu tsallake ba. Wani lokaci abin da babba yake ganowa ba zurfi ba ne, aibi ne. A finafinan soyayya da yawa na da, saurayi yakan bi yarinya duk inda ta sa ƙafa, ta ce ba ta so, ya ci gaba, ya tare mata hanya, ya kunyata ta a gaban jama'a, daga ƙarshe a nuna ta amince, a kira wannan naci soyayya. Mun yi dariya, mun haddace waƙoƙin. Yau idan na kalla raina yana ɓaci, domin na san matan da aka yi wa haka a zahiri, kuma ba da waƙa abin ya ƙare ba.

Bashir: Haka batun wariyar launin fata. A katun ɗin Tom and Jerry, wanda aka fara a 1940, akwai wata baƙar mace da kusan ba a nuna fuskarta, sai ƙafafunta da silifas da kakkausar muryarta, an zana ta ne bisa siffar raini da ake yi wa baƙaƙen mata masu aikatau a Amurka a wancan zamani. Yara a duniya, har da baƙaƙe, sun yi ta dariya ba su san da wa ake ba. Kamfanin Disney ma a 2019 ya fara sanya gargaɗi a kan wasu tsofaffin finafinansa, irin su Dumbo na 1941 da Peter Pan na 1953, ya kuma ƙara wa gargaɗin ƙarfi a 2020, saboda yadda aka siffanta baƙar fata da asalin mutanen Amurka a cikinsu. Shi ya sa nake ganin a yanke irin waɗannan wurare kawai, a huta.

Malam Sani: A nan ne zan saɓa maka, Bashir. Gargaɗi na yarda da shi, amma yankewa ban yarda ba. Steven Spielberg ya gwada. Da fim ɗinsa E.T. na 1982 ya cika shekara ashirin, ya sake fitar da shi a 2002, ya sa aka yi amfani da kwamfuta aka goge bindigogin da ke hannun jami'an da ke bin yaran, aka maye gurbinsu da oba-oba. Daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi nadama, bai kamata ya taɓa shi ba. Dalilina shi ne, tsohon fim shaida ne a kan zamaninsa. Idan aka goge rainin da aka yi wa matar nan ta Tom and Jerry, an wanke waɗanda suka yi rainin ne, na baya kuma ba za su san an taɓa yi ba. Sannan akwai cin amana ga mai kallo, wanda zai koma ya tarar an sauya abin da ya gani, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa.

Bashir: Amma Malam, ɗan shekara biyar ba ya karanta gargaɗi. Abin da ya gani shi yake ɗauka, kuma maimaitawa tana da tasiri. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa, yaro kuwa yakan kalli fim ɗaya har ya haddace shi. Da haka ne muka so finafinan nan, da haka kuma abin da ke cikinsu ya shige mu.

Malam Sani: Gaskiya ne, shi ya sa nauyin yake kan babban da ke riƙe da abin kunnawa. Manya a bar musu fim ɗin yadda yake, yara kuwa a zaɓa musu.

Hadiza: To bari in tambaye ku kai tsaye, tunda kowannenmu yana da yara a gabansa. Fim ɗin da ka so kana ƙarami, za ka nuna wa ɗanka?

Bashir: Sai na fara kallon sa ni kaɗai tukuna, daga farko har ƙarshe, domin ba zan dogara da abin da na tuna ba. Idan na ga abin da ba zan iya yi wa yaro bayaninsa ba, zan ajiye shi har ya ƙara girma.

Malam Sani: Ka ga ke nan kai ma za ka koma gare shi, duk da ka ce a bar shi inda yake.

Bashir: Saboda yaran zan koma, Malam. Waɗanda babu mai neman su a wurina, har yanzu ina kan bakana.

Hadiza: Ni kuwa ina nuna musu, ina zaune tare da su, kuma na koyi kame bakina. Ba na ce musu ga wurin da ya fi daɗi yana zuwa, ba na kuma jin haushi idan suka ce fim ɗin yana jan ƙafa, domin sun saba da hoton da ke sauyawa da sauri fiye da na zamaninmu. Idan aka zo wurin da saurayi ya tare wa yarinya hanya, nakan tsayar in tambaye su yadda suke ganin ta ji. Amsar da babbar 'yata ta ba ni ita ce, da ita ce, da ta je ta faɗa wa mahaifinta.

Malam Sani: Allah ya yi mata albarka.

Hadiza: Amin, Malam. Lokaci ya cim mana, masu sauraro. A madadin Malam Sani da Bashir, ni Hadiza nake cewa a huta lafiya.