Bibliyotek ko gida? Ku ɗauko farar takarda tukuna

[Gadar Kennedy da sassafe, ɗalibai na tsallakawa Harobanda]

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƙannena na fak ɗin likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni. Sati biyu ke nan gardama ɗaya ke ta yawo cikin gurup-gurup na WhatsApp, tunda egizame ya ƙarato. Wasu na cewa duk wanda bai wuni bibliyotek ba to bai shirya ba, wasu kuma na cewa can sai gaisuwa da kallon juna, ɗakinka ya fi. Ni ma saƙonni sun yi ta shigo mini, yaya ina ya fi, yaya ina kike karatu lokacinki. To ku zauna mu yi magana.

Abin da kowa ya sani bari mu wuce shi da sauri. Bibliyotek akwai shiru, akwai tebur, akwai manyan littattafan anatomi masu zane da aljihun ɗalibi ba ya iya saye, kuma in ka ga mutum talatin sun duƙufa kai ma kunya ba ta barinka ka yi ta latsa waya. Amma lokacin egizame kujeru na cikewa tun da safe, akwai lokacin rufewa, in kuwa Talladje ko Lazare kake zaune to kuɗin taksi da cunkoson gada sun ci maka rabin safiya. Gida kyauta ne, ga abinci, ga tabarmarka. Ga kuma aike, ga baƙi, ga abokan fada sun ɗora shayi a ƙofar gida, sannan cikin Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 a ɗauke kuran bantilate ya tsaya. Wanga duk kun san shi.

[ɗaliba a tebur, polikop, wato takardun darasi da anka buga, duk ya sha bik mai launi]

Yanzu ku dubi wagga ɗaliba da kyau, don nan ne maganar take. Awa huɗu tana nan zaune, ba ta taɓa waya ba, ta karanta kur ɗin jijiyoyin hannu sau uku, shafin duk ya sha launi. In ka tambaye ta za ta ce ta iya, kuma ba ƙarya take ba, haka take ji a ranta. Ku ga abin da zai faru in anka rufe polikop ɗin anka ba ta farar takarda.

[ta fara zane, ta tsaya]

Saiwoyi biyar na jijiyoyin hannu da ke fitowa daga ƙashin wuya da farkon ƙashin baya, daga C5 zuwa T1, wanga ya zo. Sun haɗu sun ba da kututture uku, shi ma ya zo. Daga nan fa? Kowane kututture ya rabu biyu, gaba da baya, rassa shida ke nan, su kuma su sake haɗuwa su ba da igiyoyi uku, amma wa ya haɗu da wa, daga ina jijiyar radiyal ta fito, mi ya sa jijiyar mediyan ke da tushe biyu, nan bik ya tsaya cik. Minti goma da sunka wuce duk wanga yana gaban idonta kuma ta gane shi sarai.

Ganewa daban, fiddowa daban. Kamar ka haɗu da mutum cikin Babbar Kasuwa, fuskar ka san ta sarai, har kun gaisa hannu biyu, amma sunan ya ƙi zuwa bakinka. Duk lokacin da ka maimaita karanta shafi ido ne ke sabawa da shi, shi ya sa kake jin daɗi kana cewa ai na sani ai na sani. Ranar egizame kuwa ba shafin za a ba ka ba, tambaya ce da farar takarda. Gaban gadon maras lafiya a asibitin Lamorde ma haka ne, in malam ya juyo ya ce wace jijiya ta taɓu tunda hannun wanga bawan Allah ya saki daga wuyan hannu, ba ka da polikop a aljihu, sai abin da kai ya iya fiddowa.

Kuma mu wallahi bai kamata a koya mana wanga ba, don da shi munka tashi. A makarantar allo wa ke wanke allo don ya yi ta kallonsa? Sai ka kife shi, ka biya wa malam da ka, in ka kakare ya ja maka baki, ka koma ka sake. Sai munka shigo fak munka yar da dabarar, munka kama shafa launi.

An gwada abin ma. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu sunka yi ta maimaita karanta shi, wasu sunka karanta a zama ɗaya sannan sunka rufe suna rubuta abin da sunka tuna har sau uku. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan sati ɗaya abin ya juye, masu gwada kansu sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ya fi taɓa ni a ciki, masu maimaitawar su ne sunka fi tabbata cewa za su tuna.

[allo ya rabu biyu, bibliyotek da tsakar gida]

To yanzu sai mu dawo ga wuri. Kafin ka ce ina za ni, ka tambayi kanka wane aiki gare ni yau. In sabon kur ne da ba ka gane ba, kana bukatar babban littafi da zane da shiru, tafi bibliyotek, ba gardama. In ranar fiddowa ce, ranar da za ka yi ta faɗa da baki kana zagaye ɗaki kana nuna ƙasusuwan wuyan hannu takwas a jikinka ɗaya bayan ɗaya, can za ka dami mutane, wanga aikin gida ne ko gindin bishiya, ku uku kuna jefa wa juna tambaya. Ni ƙaramar ƙanwata nike zaunarwa in yi mata bayanin yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke fara sauka cikin hanta kafin ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, duk inda ta ce ban gane ba sai in tarar nan ne ni ma ban riƙe ba. Farar takarda kuwa ko ina tana yi, ko cikin faba-faba a bayan kaye.

Sauya wurin ma kansa yana taimako. Tun 1978 Smith da Glenberg da Bjork sun nuna cewa waɗanda sunka karanta jerin kalmomi a ɗakuna biyu daban sun fi tunawa bisa waɗanda sunka karanta sau biyu a ɗaki guda. Saboda haka kar wani ya tayar da hankalinsa don yau bai samu kujerarsa ta kullum ba.

[tsakar gida, tukunya bisa wuta, yarinya da kaye a cinya]

Wata magana ga ƙannena mata, don na san wanga ciwon. A gidaje da yawa in dai ana ganinki to kina nan, a ce ɗauko wancan, duba tukunya, riƙe yaro. Ba mugunta ba ce, Inna ba ta san ciwon da katse mutum tsakiyar biyokimi ke yi ba. Ki same ta cikin ladabi ki ce Inna daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara ki yafe mini, sauran wunin ina hannunki. Yawanci in an faɗi lokaci ƙarara ana bari. In kuma ba a bari ba to ke bibliyotek ya zame miki dole, ki tafi kar ki ji nauyin kowa. Wanda ya sauko daga gardin dare a asibiti kuma don Allah ya je ya kwanta, barci ne ke zaunar da abin da anka karanta, kujerar bibliyotek ba za ta yi maka wanga ba.

[farar takarda da bik bisa tebur]

Yanzu ku tsaida bidiyon, ku yago takarda, ku zana mini jijiyoyin nan tun daga C5 ba tare da kun duba ba. Inda bik ya tsaya ku sa masa alama, gobe bayan asuba daga nan za ku fara.