Zaman gyaran aure wajen ƙwararre: tsari za a bi ko a bar magana ta tafi inda ta ga dama?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, da fatan kowa na lafiya. Kuyi haƙuri da ƙarar iskar nan, yanzu na fito daga aji ina tafiya ina magana dan bana so abin ya fita daga kaina. Waɗanda suka daɗe suna bina sun san karatun da ya kawo ni ƙasar nan, wato aikin zama da mata da miji in zaman aure ya cakuɗe, toh yau muhawara ce ta kaure tsakaninmu: shin mai ba da shawara zai shigo da tsarinsa ne yana bi mataki-mataki, ko kuwa ya zauna ya saurara ya bi ma'auratan duk inda suka ja shi?

Ni matsayata tun farko, akwai abubuwan da ba a sassauta musu ko kaɗan, akwai kuma waɗanda in ka riƙe su gam kai da kanka zaka ɓata zaman, kuma abinda ke damuna shine sau da yawa juya su ake yi, a tsaurara inda ya kamata a sassauta a sassauta inda ya kamata a tsaurara.

Bari in fara da me yasa tsari ya zama dole. In mutum ɗaya ne ya zo maka da damuwarsa, sauraro kaɗai ma yana aiki. Amma mutum biyu da suka shigo kowa da tafasasshiyar zuciya, kace musu toh ku faɗa min me ke faruwa ka naɗe hannu, wallahi kafin minti goma sun maimaita maka faɗan da suka saba yi a gida, mai baki ya cinye lokacin, mai shiru ya ƙara shigewa cikin shirunsa ya fita yana cewa ai dama na san bayanta za a goya, ko bayansa. Kuma ku tuna mutanen nan ba jiya abin ya fara musu ba, John Gottman na jami'ar Washinton a Amurka ya ce ma'aurata kan kai kimanin shekara 6 cikin matsala kafin su nemi taimako. Shi Gottman ɗin nan da abokin aikinsa Robert Levenson sun yi shekaru suna ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna gardama, ana auna bugun zuciyarsu, daga nan ya fitar da abubuwa huɗu masu rusa aure: sukar halin mutum maimakon abinda ya aikata, raini, kare kai a kowace magana, da yin gum kamar ba da kai ake ba. Raini ya fi duka muni. Ya kuma lura in bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya mutum baya iya sauraro yadda ya kamata, shi yasa ake dakatar da magana a huta aƙalla minti 20. Kunga wannan doka ce, mai shawara ba zai ce ai yau hirar tayi zafi bari in barsu su amayar ba, dakatar da su zai yi.

Abu na biyu da ba wasa a ciki shine yadda ake fara aikin. Tsarin da aka fi bi shine zama na farko tare, sannan a ga kowa shi kaɗai, sannan a haɗu a faɗa musu abinda aka fahimta da inda za a nufa. Wannan ganin kowa shi kaɗai ɗin, dan Allah kar wanda ya ɗauke shi ɓata lokaci, a nan ne ake tambaya ko akwai duka, ko akwai barazana, ko ɗaya yana tsoron ɗaya. In akwai duka da danniya toh zaman shawara tare bai dace ba sam, saboda abinda mace ta faɗa a gaban mai shawara ita zata je ta biya kuɗinsa a gida da jikinta. Wannan wurin raina yana ɓaci in na ji ana maganar sassauci. Haka ma maganar sirri, tun ranar farko ya kamata a faɗa musu in ɗaya ya faɗi wani abu a keɓe me za a yi da shi, kar sai abu ya fito a fara kame-kame.

Toh ina sassaucin yake shigowa? Labarin wani masanin gyaran aure ɗan Amurka mai suna Neil Jacobson ne ya fi fito min da shi. A 1979 shi da Gayla Margolin suka shimfiɗa wata hanya mai tsari sosai, a koya wa ma'aurata yadda ake magana, yadda ake warware matsala daki-daki, kowa ya lissafa abin alherin da zai riƙa yi wa ɗan uwansa, a basu aikin gida. Kuma tana aiki. Amma shi da kansa da ya bi sawun mutanen sai ya ga wasu basu samu sauƙi ba, wasu kuma sun samu amma bayan shekara biyu sun koma gidan jiya. Bai ɓoye ba, sai suka haɗu da Andrew Christensen na jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjelis suka ƙara wani abu a kai, wato taimaka wa mutum ya fahimci bambancin da ke tsakaninsa da abokin zamansa har ya iya karɓar wani sashe nasa, maimakon kullum sai ka canza sai ki canza. A wannan sabuwar hanyar, bayan an gama tantancewa, abinda ya faru a cikin satin shi ake ɗauka a yi aiki a kai, babu darasi na uku darasi na huɗu. An gwada hanyoyin biyu a kan ma'aurata 134 masu matsananciyar matsala, masu tsari mai tsauri suka samu sauƙi da wuri sai abin ya tsaya cak, masu ɗayar hanyar a hankali suka riƙa hawa, bayan shekara 5 kuma kusan rabi a kowane ɓangare sun samu gyara na gaske, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun rabu. Ni abinda na ɗauka a nan shine duk wanda ya ce muku hanyarsa ce kaɗai mafita ku yi hattara da shi.

Sannan Gottman ya ce kashi 69 cikin ɗari na abinda ma'aurata ke saɓani a kai baya ƙarewa, daga hali yake da yadda kowa ya ginu, ɗaya mai son tanadi ɗaya mai sakin hannu, ɗaya mai son mutane ɗaya mai son kaɗaici. Ya za ayi ka warware wannan da takardar matakai biyar? Sai dai su koyi magana a kai ba tare da sun ji wa juna ciwo ba.

Bari in baku misali dan nan ne zuciyar maganar. A ce mai shawara ta shirya yau zata koya musu magana bi da bi, ɗaya yayi magana ɗaya ya maimaita abinda ya ji. Matar tana cikin nata, sai mijin da ya yi makonni baya cewa komai sai eh da a'a ya faɗa ƙasa-ƙasa, ni na gaji da jin cewa duk abinda nayi bai isa ba. In mai shawara ta ce masa dakata ba layinka bane, wallahi ta yi asara babba, mai yiwuwa ba zai ƙara buɗe bakin nan ba. Ajiye shirin ranar zata yi ta juya gare shi a hankali ta ce maimaita min abinda ka ce, ta kuma taimaka wa matar ta ji shi kafin ta fara kare kanta. Amma ku lura, me ya sa ta gane cewa maganar nan zinariya ce? Saboda tana da taswira a kanta. Hanyar da Sue Johnson da Les Greenberg suka ƙirƙiro a Kanada a shekarun 1980 tana da zango 3 da matakai 9, zangon farko shine ma'aurata su gane zagayen da suke ciki, ɗaya yana bi da ƙorafi ɗaya yana janyewa, janyewar tana ƙara ƙorafin, ƙorafin yana ƙara janyewar. Wadda ta san wannan ita zata gane mai janyewa ya leƙo, ta kuma san in wuta bata lafa ba tukuna bai kamata ta tura shi ya tona cikinsa gaba ɗaya ba, dan za a iya mayar masa da shi makami.

Akwai kuma sassaucin da ya zama sakaci, kowane sati a zo da sabon faɗa, mai shawara ya koma alƙalin wasa, wata uku babu wanda zai iya faɗin inda aka dosa. Wannan ma cutarwa ce, ana cin lokacin mutane da kuɗinsu.

Wani lokacin ma tsarin gaba ɗaya ne bai dace da mutanen ba. In ɗaya yana son gyara ɗaya kuma ƙafarsa ɗaya tana waje, fara musu darasin kyautata zama zalunci ne ga dukkansu. William Doherty na jami'ar Minesota ya fito da wani gajeren zama na musamman dan irin waɗannan, daga zama 1 zuwa 5, aikinsa kawai su tantance: a ci gaba a haka, a rabu, ko a ba gyara wata 6 da gaske.

Dan haka in zaku je wajen ƙwararre, ku tambaye shi tun ranar farko, wace hanya kake bi, zaka ga kowannenmu shi kaɗai, ya kake yi da sirri, ta yaya zamu san muna ci gaba, kuma in ɗayanmu ya ji ka karkata ya zai faɗa maka. Haƙƙinku ne ku tambaya, in ya kasa amsawa ko ya ji haushi ku nemi wani. Motata ta iso, sai mun haɗu a bidiyo na gaba, zan yi magana a kan aikin gida da ake ba ma'aurata da abin yi in ɗaya ya ƙi yinsa. Allah ya zaunar da kowa lafiya a gidansa.